Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Nasiha ga Matasan Marubuta a Kan Tsawon Labari

'Ya'yana masu riƙe da alƙalami, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakinku duk inda marubuta suka haɗu, ko a taron ƙungiya ko a zauren wani dattijon marubuci: "Kalma nawa ya kamata littafina ya kai?" Wani ya rubuta kalma dubu goma sha biyar labari ya ƙare masa, ya zauna cikin zulumi kada a ce abin da ya yi bai isa a kira shi littafi ba. Wata ta haura dubu ɗari da hamsin, har yanzu ba ta hango ƙarshe ba, tana fargabar babu maɗaba'ar da za ta karɓa. Wani kuma ko babin farko bai kammala ba, amma idonsa na kan ɗan lissafin nan da ke ƙasan fuskar kwamfuta, yana duba ko ya motsa.

Ban ga laifinku ba a kan wannan damuwa, domin wanda bai ɗauki aikinsa da muhimmanci ba ai ba ya tambaya. Kuma tsawon rubutu ba abin rainawa ba ne. Da shi ake karɓar labari a gasa ko a ajiye shi gefe, da shi ake yanke kuɗin bugu, shi ne kuma mai karatu ke fara dubawa kafin ya yanke shawarar shiga. Abin da ke damuna shi ne lokacin da kuke yin tambayar da matsayin da kuke ba ta. Kuna yin ta tun kafin ku san labarinku, sannan ku naɗa ta sarauta a kansa. Na ga rubuce-rubuce masu kyau da wannan ya illata. Wasu an ɗura musu surutu har sun kumbura, wasu an tsinke su tun ba su nuna ba, wasu kuwa an watsar da su a tsakiyar hanya don mai su ya karaya. Shi ya sa nake so mu zauna mu yi maganar a tsanake.

Mu fara da alƙaluman kansu, don tsoron abu yakan ragu idan an san asalinsa. Yawancin adadin da kuke jin ana ambata daga kasuwar littattafan Turanci ya fito. A Amurka, ƙungiyar marubuta labaran kimiyya da ke bayar da kyautar Nebula ta kasa rubutu gida huɗu. Abin da bai kai kalma 7,500 ba gajeren labari ne, daga nan zuwa 17,500 aji na biyu, daga nan zuwa 40,000 aji na uku, abin da ya kai 40,000 zuwa sama shi suke kira cikakken littafi. Manyan kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka kuwa akasari sun fi son littafin sabon marubuci ya faɗa tsakanin kalma 70,000 da 100,000. Kowannensu da dalilinsa. Ƙungiyar tana bukatar iyaka don ta san ajin da za ta saka kowane rubutu ranar gasa. Kamfanin kuma yana lissafin takarda, da kaurin littafi a kan kanta, da kuɗin da mai saye zai yarda ya fitar daga aljihunsa. Ƙa'idojin gasa ne da na kasuwa. Ku san su da kyau, domin ranar da za ku kai kaya waccan kasuwar za su yi muku rana. Amma marubucin da ke yi wa mutanen Kano da Sakkwato da Damagaram rubutu da harshensu, bai kamata ya kwana da baƙin ciki ba don labarinsa bai cika mudun Landan ba.

Ku waiwayo gida ku gani. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ku ɗauki kowanne a hannu ku ji nauyinsa. Sirara ne, mutum zai karance ɗaya a yini guda har ya sami sararin yin wata hidima. Duk da haka yau sama da shekara casa'in ke nan ana karanta su a makarantu, ana rubuta kundayen digiri a kansu. Shaihu Umar da ƙanƙantarsa ya ɗauki mai karatu daga ƙasar Hausa ya ratsa hamada da shi, ya ɗanɗana masa ɗacin bauta da raɗaɗin uwa mai neman ɗanta, har daga baya aka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka kuma yi fim ɗinsa. Shi kuma Abubakar Imam, hannun da ya rubuta ɗan ƙaramin Ruwan Bagaja shi ne ya rubuta Magana Jari Ce har littafi uku, domin a can labarai ne birjik da aku ke jerowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne na neman wurin zamansa. Marubuci ɗaya ne, abin da ke hannunsa ne ya bambanta, tsawon ya bi shi.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. Mariama Ba ta ƙasar Senegal ta fitar da littafinta na farko a 1979. Wasiƙa ce guda da wata mata mai takaba ke rubuta wa aminiyarta, tana warware mata zaman aurenta da yadda mijin ya auro ƙawar 'yarsu ya juya mata baya. Fassararsa ta Turanci ba ta cika shafi ɗari ba, amma shi ya fara cin kyautar Noma a 1980, har gobe kuma ana karanta shi a jami'o'in duniya. Littafin George Orwell na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi, kalmominsa ba su wuce kimanin dubu talatin ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988. Ya bi zuriyar wani gida na birnin Alƙahira tun daga kaka har jikoki, rubutun ya yi kaurin da sai da aka raba shi uku aka fitar a 1956 da 1957. Labarin takabar mace ɗaya wasiƙa ta ishe shi. Labarin zuriya uku kuwa dole ya nemi fili. Babu wanda ya fi wani daraja saboda kauri ko siranta.

To, ɗana, gargaɗina na farko a kan ciko ne, domin shi ya fi yawa a rubutun da ke zuwa hannuna. Bari in nuna maka yadda yake. Ka shirya cewa Zainab za ta je gidan yayarta ta shaida mata mijinta zai ƙara aure. Wannan ita ce fitowar, nan ne zuciyar mai karatu take. Amma da ka duba lissafi ka ga babin bai kai yadda kake so ba, sai ka tashe ta daga barci, ka kai ta wanka, ka zayyana launin atamfarta da sunan turarenta da irin takalminta. Ka sa ta a mota, ka tsayar da ita a cunkoson titi. Da ta isa, ta gaida maigadi, ta gaida 'yar aiki, ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, aka kawo abinci ka lissafa mana kayan miya. Shafi huɗu sun tafi. Maganar da ta kawo ta kuwa, layi biyu ka ba ta.

Yanzu sake gwadawa ta wata hanya. Zainab ta yi sallama da rana tsaka, ba ta aiko tana zuwa ba, ɗankwalinta a karkace. Yayar ta dube ta sau ɗaya ta ce wa yara su fita waje su yi wasa. Ta ce, "Lafiya?" Zainab ta ce, "Lafiya lau," idonta na kan bakin tabarma, yatsanta na jan zaren da ya warware. Layi biyar ke nan, amma mai karatu ya riga ya gyara zama. Ka lura ban cire gaisuwa ba, domin Bahaushe ba ya shiga magana ba gaisuwa. Na bar wadda ke ɗauke da nauyi ne, na sallami sauran. Daga nan sai ka ba ainihin maganar shafukan nan huɗu da ka ɓata a hanya: yadda ta fara da kewaye-kewaye, inda muryarta ta karye, abin da yayar ta faɗa da abin da ta haɗiye don ita ma ta taɓa ɗanɗanar irinsa. Tsawon babin bai sauya ba, amma yanzu kowane layi yana aiki.

Cikon nan yana da tarihi, kuma ya kamata ku san shi don kada ku gaje shi ido rufe. Lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka sa dubban mata da matasa karatun Hausa, abin da ya cancanci a gode musu har abada. A zamanin an saba fitar da littafi kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku. Dalilin a fili yake: marubuci shi ke buga abinsa da kuɗin aljihunsa, takarda na da tsada, mai saye kuma ya fi iya sayen siriri yau ya dawo ya sayi ci gaban wani watan. Sai dai wasu da suka biyo baya sun ɗauki tsarin sun bar dalilin, suka riƙa jan labarin da littafi ɗaya ya ishe shi har ya kai huɗu. Yau kuma ga rubutun waya. 'Yata, na san halin da kike ciki: masu karatu sun biya kuɗi, kowane dare suna jiran sabon shafi a WhatsApp ko Wattpad, in kin yi jinkiri saƙonni su yi ta shigowa. Labari ya zo ƙarshensa, amma kina tsoron sallamar jama'a, sai ki ƙirƙiro sabuwar kishiya, ko haɗarin mota, ko ciwon mantuwa, don a ƙara wata biyu.

Ki duba abin da ke biyo baya. Mai karatu ba ya jayayya da marubuci, tsallake kawai yake yi. Yau ya tsallake sakin layi, gobe shafi, jibi ya tambayi ƙawarsa ko abokinsa yadda aka ƙare ya huta. Ranar da kika sanar da sabon littafi, sai ya tuna wahalar da ya sha a wancan. Mai tallar nono da ta tsuga ruwa a ƙwarya ta ga ƙwaryarta ta cika, amma wanda ya saya yau, gobe wajen wata zai nufa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Gara a rabu da ke ana cewa kash, da ma ta ƙara, da a rabu da ke ana hamdala an kai ƙarshe.

Gargaɗi na biyu kishiyar na farko ne, kuma ba a cika maganarsa ba. Akwai wanda labarinsa ke ƙarewa da wuri saboda yana gudun wurare masu wuya. Ya yi babi goma yana nuna yadda zaman Malam Sani da matarsa ke tsami, mai karatu ya ƙagu ya ga ranar da abin zai fashe, sai kawai ya tarar da layi ɗaya: bayan wata shida Malam Sani ya sake ta, ta koma gidansu. Ina daren da abin ya faru? Wa ya fara magana? Yaran suna ina? Da ta isa ƙofar gidan ubanta da akwati a hannu, wa ta fara tararwa, me ya ce mata? Nan ne littafin yake, nan kuma aka tsallake. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wani kunya ce ke hana shi, wani abin ne ya yi kusa da ciwon da ke zuciyarsa, wani kuwa bai san yadda ake yi ba ne: bai taɓa zama a kotu ba, bai taɓa kwana a asibiti yana jinya ba, sai ya wuce da gudu kada a gane.

Idan rubutunka ya gaza tsawon da kake buri, ɗana, kada ka nemi maganin a ƙarin sifofi da dogon bayani. Koma ka nemo duk inda ka ba da rahoton abu a maimakon ka kai mu mu gani da idonmu. Nemo inda ka rubuta "suka yi faɗa sosai" ko "ta sha wahala ƙwarai", ka tsaya a wurin ka buɗe shi. Abin da ba ka sani ba, tashi ka je ka gani, ka zauna da masu sana'ar ka saurari yadda suke magana, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Za ka ga rubutun ya ƙaru da kansa, kuma ƙaruwar tsoka ce. In kuwa ka duba ka ga babu abin da ka tsallake, labarin ne Allah ya yi shi gajere, to ka bar shi a yadda yake. Gajeren labari ba ƙanin dogo ba ne, sana'a ce mai zaman kanta. Ka rubuta goma ko goma sha biyu irinsa masu kyau, ka tara su, ga littafi ya samu.

Abu na uku, ku raba lokacin zubawa da lokacin aunawa. Sa'ad da kuke rubutun farko, ku kawar da ido daga jimillar kalmomi, ku bi mutanen labarinku ku ga inda za su kai ku. Wanda ke rubutu yana lissafi, hankalinsa ya rabu biyu, ga shi kuma taura biyu ba ta taunuwa. Akwai dai wurin da ƙirga ke da amfani tun daga farko, shi ne wajen ladabtar da kai. A Amurka an fara wani shiri a 1999 wanda ya yaɗu a duniya, inda marubuta suka riƙa ɗaukar alkawarin rubuta kalma 50,000 cikin kwana talatin, wato kimanin 1,667 a kullum. Mutane da yawa sun kammala rubutun farko ta wannan hanya, sai dai abin da ake samu a ƙarshen watan ɗanyen kaya ne mai jiran gyara. Ku ba sai kun yi wannan gudun ba. Ɗalibi ko ma'aikaci ko uwar 'ya'ya da ta iya keɓe lokacin kalma 300 a kullum, bayan sallar asuba ko bayan yara sun kwanta, kafin shekara ta zagayo ta haura dubu ɗari. Sannu ba ta hana zuwa. Lissafin kullum yana gaya maka ko ka zauna ka yi aiki. Ba ya gaya maka ko aikin ya yi kyau, wannan sai ido da kunne.

Na huɗu, idan za ku shiga gasa ko ku aika wa wata kafa rubutu, ku girmama iyakar da aka gindaya. A nan kam lissafi sarki ne. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta tana neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Gasar gajerun labarai ta ƙasashen Commonwealth tana neman 2,000 zuwa 5,000. Wadda ta aika 2,300 inda aka ce 1,500 ta miƙa wa alƙalai dalilin ajiye labarinta tun ba su ɗanɗana shi ba, ko da kuwa ya fi na kowa daɗi. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko labarin da ya isa littafi guda, tun daga haihuwar yarinya har aurenta da mutuwar mijinta, a matse shi cikin shafi huɗu. Abin da ke fitowa taƙaitaccen tarihi ne, babu fuska, babu murya, babu wurin da mai karatu zai tsaya ya ji wani abu a ransa. 'Yata, kalma 1,500 kusan minti goma ne a bakin mai karantawa a rediyo. Zaɓi abin da minti goma zai ɗauka: yini ɗaya, mutum biyu ko uku, shawara guda mai wuya da dole a yanke kafin rana ta faɗi. Shekarun da suka gabata ki bar su su leƙo ta bakin wani a jimla ɗaya ko biyu. Kuma ki gama da wuri ki bar wa kanki kwanakin gyara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar shi ne yanka, wanda na san ya fi komai ciwo. Ka kwana kana rubuta babi, ka ji daɗinsa, sai a ce ka cire. Ga hanyar da na ga tana sauƙaƙa abin. Da ka gama rubutun farko, ajiye shi makonni ka yi wata hidima, har ya fara zame maka baƙo. Sannan ka ɗauki takarda ka jera fitowa-fitowa, a gaban kowace ka rubuta layi ɗaya: me ya sauya a nan? Wa ya san abin da bai sani ba a da, wa ya yi asara, wa ya yanke shawara? Duk fitowar da ka rasa abin rubutawa a gabanta, ita ce ta farko da za a tuhuma. Ka sa ido kan maimaici, domin ya yi mana katutu: abu ya faru a gabanmu, sai tauraruwa ta je ta kwashe labarin ta gaya wa mahaifiyarta daga farko, sannan ta buga wa ƙawarta waya ta sake maimaitawa. Mai karatu yana nan lokacin da abin ya faru, sau ɗaya ya ishe shi. Ka duba ko ƙawaye uku da ke aiki iri ɗaya za su iya zama mutum guda. Ka duba dogon wa'azin da ka rufe littafin da shi, in labarin ya riga ya koyar da darasin, ka amince wa hankalin mai karatu. Abin da ka cire kada ka goge, buɗe masa wurin ajiya daban. Sanin cewa yana nan yakan sa hannu ya saki, wani lokacin ma daga cikinsa sabon labari ke tsirowa.

Bayan haka ka karanta rubutun da ƙarfi, kunnenka zai kama abin da idonka ya yafe. Sannan ka ba mutum biyu ko uku masu gaskiya, waɗanda ba sa jin nauyinka. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, don za su ce ya yi. Tambaye su a wane shafi suka ajiye suka tashi, a ina hankalinsu ya tafi wani wuri, a ina kuma suka so a ce ka daɗe. Amsoshin nan sun fi kowane lissafin kwamfuta gaya maka inda za ka rage da inda za ka ƙara. In sun nuna maka aibi kada ka yi fushi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai dai a nan ma da iyaka. Kada zafin yanka ya sa ka kwashe karin maganar tsohuwa da ke bayyana halinta, ko barkwancin da ke ba mai karatu numfashi bayan tashin hankali, ko ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko da ke sa a san a wane gari ake. Waɗannan suna aiki, ko da ba su tura labari gaba ba. Abin da ake cirewa shi ne wanda in babu shi ba wanda zai yi kewarsa.

In kuwa bayan duk wannan labarinki ya tsaya a kan tsawonsa, 'yata, kada ki ji tsoro, wani labarin haka Allah ya yi shi. Tolkien na Ingila ya rubuta babban littafinsa a matsayin abu guda, tsadar takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu na cikin abin da ya sa kamfani ya fitar da shi kashi uku a 1954 da 1955. Raba littafi ba aibi ba ne, in an raba shi a gaɓa. Kowane kashi ya ba mai karatu wani abu kammalalle da zai riƙe, ko da babbar tambayar tana nan a buɗe. Ki gama rubutun duka kafin ki fara karɓar kuɗin mutane, ki kuma faɗa musu tun farko kashi nawa ne. Mutane nawa ne suka sayi na ɗaya da na biyu, suka yi shekaru suna cigiyar na uku bai fito ba? Wanda ya ba ki kuɗinsa da lokacinsa amana ya ba ki. In kuma bugawa za ki yi a takarda, ki je maɗaba'a tun kafin ki kammala gyara, ki ji yadda suke lissafi. Sukan buga shafuka ne rukuni-rukuni, takwas ko goma sha shida a falle guda, don haka wani lokacin rage shafi uku kacal zai sauke miki kuɗin falle sukutum, ya sauko da farashin littafin zuwa inda ɗaliba za ta iya saye.

Daga ƙarshe, ku kiyayi auna kanku da juna. Za ku ga wani ya shelanta cewa ya rubuta kalma dubu biyar a dare ɗaya, wata ta ce littafinta ya kai shafi ɗari bakwai, sai zuciya ta raya muku cewa ku ne a baya. Ku taya su murna da gaskiya, ku koma kan aikinku. Ba ku san nawa ne a ciki zai tsira daga gyara ba, su ma ba su sani ba tukuna. Akwai mai zubawa da yawa ya rage daga baya, akwai mai ɗigawa kaɗan-kaɗan ya ƙara daga baya, duka biyun marubuta ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Da sannu kowannenku zai gane irin nasa hannun, ya san ko shi mai bukatar almakashi ne ko mai bukatar ƙari.

Harshen Hausa yana bukatar ku duka. Yana bukatar gajeren labarin da za a karanta a rediyo tsakanin labarai da sallar magariba, yana bukatar ɗan littafin da ɗalibin sakandare zai iya saye da kuɗin tara, yana kuma bukatar babban littafin da zai ɗauki tarihin gari guda da zuriyarsa, irin wanda har yanzu muke da ƙarancinsa. Wani a cikinku ne zai rubuta shi, in ya koyi haƙurin zama da labari har ya ba shi haƙƙinsa. Don haka ku je ku gama abin da kuka fara, ku ajiye shi ya huce, ku dawo ku tambayi kowace fitowa aikin da take yi, sannan ku duba inda za ku kai shi ku daidaita shi da ƙa'idar wurin. Allah ya yi wa alƙalumanku albarka, ya sa abin da za ku rubuta ya amfani al'umma, ya kuma ba ku masu karatu da za su bi ku har shafin ƙarshe.